Tallafin NIH ga Manyan Cibiyoyin Binciken Lafiya: Tambayoyi da Amsoshi kan P01, P30, P50, U19 da U54

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin malaman jami'a, likitocin asibitocin koyarwa da ma'aikatan ofishin kula da tallafin bincike, musamman idan aka fara maganar haɗa ayyuka da yawa a ƙarƙashin inuwa ɗaya. Duk bayanin ya shafi NIH, hukumar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka. Ƙa'idojinta suna sauyawa, don haka sanarwar tallafin da ke hannunku ita ce alƙali a kan duk abin da aka faɗa a nan.

1. Me ake nufi da tallafin ayyuka da yawa, kuma ina bambancinsa da R01?

NIH tana da mazauni a Bethesda ta jihar Maryland, kuma ta ƙunshi cibiyoyi 27. Tallafinta da aka fi sani shi ne R01: tambayar bincike ɗaya, tawaga ɗaya, kasafi ɗaya. Tallafin ayyuka da yawa kuwa takarda ɗaya ce mai ɗauke da ayyukan bincike biyu, uku ko fiye, kowanne da shugabansa da manufofinsa da kasafinsa, tare da sassan hidima da ayyukan ke ci a cikinsu tare, kamar ɗakin gwaji na bai ɗaya, rumbun ajiyar samfura ko sashen ƙididdiga.

Abin da NIH ke saye da wannan kuɗi shi ne maɗaurin tsintsiyar, ba tsinken ba. Idan ayyukan nan uku za su iya tafiya kowanne shi kaɗai ba tare da an rasa komai ba, to R01 uku ne aka ɗaure da igiya, kuma masu tantancewa suna gane haka tun daga shafin farko. Duk sauran amsoshin da ke ƙasa a kan wannan batu suke komawa.

2. Yaya ake karanta haruffa da lambobin da ke jikin tallafi?

Harafin farko yana nuna dangi. R na aikin bincike guda ne, P na shirye-shirye da cibiyoyi, U na yarjejeniyar haɗin gwiwa da ma'aikatan NIH ke sa hannu a cikinta, T na horar da ɗalibai, K na raya sana'ar mai bincike. Ɗauki lamba irin wannan: U54 HG007479. U54 shi ne nau'in tallafin, HG yana nufin cibiyar NHGRI mai kula da binciken ƙwayoyin gado ce ta ba da kuɗin, sauran kuma lambar jeri ce. CA na cibiyar ciwon daji ce, NCI. AI na NIAID mai kula da cututtuka masu yaɗuwa. HL na NHLBI mai kula da zuciya da huhu da jini. TW na cibiyar Fogarty mai hulɗa da ƙasashen waje.

Lambar da ke zuwa kafin harafi ita ma tana magana: 1 sabuwar takarda ce, 2 sabuntawa ta hanyar gasa, 3 ƙarin kuɗi, 5 ci gaban shekara ba tare da gasa ba, 7 sauya jami'a. A ƙarshe, 01 na nufin shekarar farko, A1 kuma takardar da aka gyara aka sake turawa. Da wannan ilimi za ku iya shiga rumbun bayanai na NIH RePORTER ku ga kowace cibiya, ayyukan da ke cikinta da kuɗin da kowanne ya samu.

3. Mene ne P01, kuma ayyuka nawa ake buƙata?

P01 shiri ne na bincike mai jigo guda, inda ayyuka masu dogaro da juna ke kai wa matsala ɗaya hari ta fuskoki daban-daban. Mafi ƙarancin adadin ya danganta da cibiyar da ke ba da kuɗin: NCI da NHLBI suna neman ayyuka uku, NIAID tana karɓar biyu. Dole a samu sashen gudanarwa, sannan sassan hidima na kimiyya gwargwadon buƙata. Ƙa'idar da aka saba ita ce kowane sashen hidima ya yi wa aƙalla ayyuka biyu aiki. Sashen da aiki ɗaya kaɗai ke amfani da shi ba sashen hidima ba ne, a mayar da kuɗinsa cikin kasafin wannan aikin.

Ga misalin yadda dogaro da juna yake a zahiri. A ce jigon shi ne dalilin da magani ke daina aiki a kan wani nau'in sankara. Aiki na ɗaya yana gano sauye-sauyen ƙwayoyin gado a cikin samfuran marasa lafiya. Aiki na biyu yana gwada waɗannan sauye-sauye a jikin ɓeraye. Aiki na uku yana neman haɗin magungunan da zai toshe hanyar. Na biyu ba shi da abin gwadawa sai na ɗaya ya miƙo masa, na uku kuma yana jiran ɓerayen na biyu, kuma dukkansu daga rumbun samfura ɗaya suke ɗiba. Wannan shi ne P01.

Ba kowace cibiya ce ke karɓar P01 ba. NIGMS, ɗaya daga cikin cibiyoyin NIH, alal misali, ta daina, ta koma wani tsari mai suna RM1 wanda ake rubuta shi a matsayin aikin tawaga guda, ba a raba shi gida-gida.

4. Me ya sa ake cewa P30 ba kuɗin bincike ba ne?

Domin ba ya biyan ayyukan bincike masu zaman kansu. P30 yana biyan kayan aiki da hidimomin da masu bincike waɗanda suka riga suka sami nasu tallafin za su yi amfani da su tare, da shugabancin cibiya, da ƙananan kuɗin gwaji da ake raba wa matasan masu bincike don su tara bayanan farko. Kamar rijiyar unguwa ce: sai akwai gidajen da za su ɗebi ruwan ake haƙa ta. Shi ya sa sharaɗin farko shi ne yawan tallafin da jami'a ta riga ta mallaka a fannin.

Sanannen misali shi ne tallafin da NCI ke bai wa cibiyoyin ciwon daji da ta amince da su, tsarin da ya samo ƙarfinsa daga dokar yaƙi da ciwon daji ta 1971, kuma yanzu cibiyoyin sun haura 70. Kafin jami'a ta nema, ana son ta nuna aƙalla dala miliyan 10 a shekara na tallafin binciken ciwon daji wanda ya bi ta hannun masu tantancewa. Cibiyoyin binciken ƙanjamau da ake kira CFAR, waɗanda aka fara a 1988, su ma P30 ne, haka cibiyoyin ciwon sukari na NIDDK. Jami'ar da ba ta da tarin R01 a hannu ba ta da hujjar neman P30, sai ta duba amsa ta 6 ko ta 8.

5. P50 fa? Ashe ba P01 ba ne da wani suna?

Suna kama da juna a gini, amma sun bambanta a asali da faɗi. P01 yawanci daga masu bincike ra'ayin ke tasowa. P50 kuwa cibiyar NIH ce ke cewa ga matsalar da take so a kafa cibiya ta musamman a kanta, kuma aikin yakan taso daga ɗakin gwaji har zuwa gadon marar lafiya, tare da horarwa da raya sababbin ayyuka.

Shirin SPORE na NCI, wanda aka fara a 1992, shi ya fi fito da wannan fili. Kowace cibiya tana mayar da hankali kan sankarar wata gaɓa ko dangin sankara masu alaƙa. Kowane aiki yana da shugabanni biyu, masanin ɗakin gwaji da likita ko mai binciken da ke hulɗa da mutane, kuma dole aikin ya kai ga wani sakamako da ya shafi ɗan Adam a cikin shekaru biyar na tallafin. Dole a samu sashen samfura da nazarin tsoka, da shirin raya sababbin ayyuka, da shirin raya masu bincike. Aikin da zai ƙare a kan ɓera kawai, komai kyansa, bai cika sharaɗin ba. Cibiyoyin Conte na NIMH masu binciken ƙwaƙwalwa su ma P50 ne. P60 kuma ya fi faɗi, yana ƙara wayar da kan jama'a da yaɗa sakamako, kamar yadda ake gani a wasu cibiyoyin binciken barasa na NIAAA.

6. Ana yawan ambaton P20 da COBRE. Na su waye?

P20 na share fage ne: tsara sabon shiri ko gina ƙarfin da ba a da shi tukuna. Babban mai amfani da shi shi ne shirin IDeA da majalisar dokokin Amurka ta kafa a 1993 domin jihohi 23 da Puerto Rico waɗanda rabonsu na kuɗin NIH ya daɗe yana ƙasa. COBRE, reshen IDeA mai gina cibiyoyin bincike, yana tafiya mataki uku, kowanne shekaru biyar. Na ɗaya da na biyu P20 ne, na uku P30. Hikimar ita ce a ɗauko matasan malamai, a ba kowanne aiki da mai ba shi shawara, idan ya ci R01 nasa ya fita a sa wani a gurbinsa, har a tara jama'ar da za su iya riƙe sassan hidima da kansu.

Wannan ƙofa ta jami'o'in waɗancan jihohi ce kaɗai. Amma tsarin nata ya cancanci nazari ga duk jami'ar da ke son gina cibiya daga tushe.

7. Idan harafin ya zama U, me ya canza?

Hannun gwamnati ne ya shigo cikin aikin. Wata dokar Amurka ta 1977 ta raba tsakanin tallafi da yarjejeniyar haɗin gwiwa, kuma ma'aunin shi ne ko ma'aikatan hukumar za su shiga aikin sosai. A ƙarƙashin P, jami'in shiri na NIH yana karanta rahoto yana sa ido. A ƙarƙashin U, ana ƙara wani masanin kimiyya na NIH da ke zama cikin kwamitin jagoranci, yana da bakin magana kan tsarin gwaji, raba bayanai da matakan da dole a cimma kafin a saki kuɗin shekara mai zuwa.

A taƙaice, U19 ɗan'uwan P01 ne, U54 ɗan'uwan P50. UM1 na babban aiki ne mai rassa da yawa amma da kasafi guda, kuma shi shirin CTSA mai tallafa wa kai sakamakon bincike ga marasa lafiya, wanda aka fara a 2006, ya koma amfani da shi. U24 da U2C na cibiyoyin da ke daidaita ayyukan wasu ko samar musu da kayan aiki ne.

Kafin ku rubuta komai, ku karanta sashen sanarwar da ya jera sharuɗɗan haɗin gwiwa, kusa da ƙarshe. A nan ake faɗin ƙuri'a nawa NIH ke da ita a kwamiti, sau nawa za a haɗu, da yadda ake raba gardama. Mutane da yawa suna tsallake shi, sai bayan an ba da kuɗi su gane cewa sun amince da tarurruka da tafiye-tafiyen da ba su sa a kasafi ba.

8. Jami'a ko asibitin koyarwa a Afirka zai iya jagorantar irin wannan tallafi?

Zai iya, amma ta ƙofar U aka fi shiga. Yawancin sanarwar P01, P30 da P50 ba sa yarda cibiyar waje ta zama mai nema. Sashe na uku na kowace sanarwa shi ke faɗin wanda ya cancanta, kuma layi biyu ne daban: ko cibiyar waje za ta iya nema da kanta, da ko an yarda wani ɓangaren aiki ya gudana a waje. Kada a haɗa su.

Misalan da suka tabbata suna nan. Shirin H3Africa na binciken ƙwayoyin gado a Afirka, wanda NIH da Wellcome Trust suka fara ba da tallafinsa a 2012, ya ba da U54 kai tsaye ga cibiyoyin Afirka. Lambar da aka kawo a amsa ta 2 ta shirin SIREN ce, binciken shanyewar ɓarin jiki da Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan ya jagoranta, wanda ya ɗebi marasa lafiya a Najeriya da Gana, har da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya. A 2021 shirin DS-I Africa na kimiyyar sarrafa bayanan lafiya ya ware kimanin dala miliyan 74.5 na shekaru biyar, da manyan cibiyoyin bincike bakwai a ƙarƙashin U54, ɗaya daga ciki a cibiyar binciken ƙwayoyin cutar virus ta IHVN da ke Abuja. Cibiyoyin ICEMR na zazzaɓin cizon sauro, da NIAID ta fara a 2010, U19 ne, kuma jami'ar USTTB ta Bamako ta riƙe na Afirka ta Yamma.

Hanyar da ta fi tabbas ga asibitin da bai taɓa riƙe kuɗin NIH ba ita ce ya fara da zama wurin ɗiban marasa lafiya, sannan ya shugabanci aiki ɗaya ko sashen hidima ɗaya, kafin ya nemi jagorancin cibiya. Masu tantancewa suna duba ko jagoran ya taɓa tafiyar da jama'a da kuɗi masu yawa, ba yawan maƙalunsa kaɗai ba.

9. Mun ji cewa an hana jami'o'in Amurka yanko wa abokan aikinsu na waje kaso. Gaskiya ne?

A ranar 1 ga Mayun 2025 NIH ta sanar da cewa ta daina ba da tallafin da ke ɗauke da kason da jami'ar Amurka ke miƙa wa cibiyar waje ta ƙarƙashinta. A madadinsa ta fito da sabon tsari da lambobin PF5 da UF5. Ana tura takarda ɗaya mai sassa da yawa, cibiyar Amurka tana jagoranci, sashen ƙasar waje yana tsaye da kasafinsa. Idan an ci, sai a raba: cibiyar waje ta karɓi nata tallafin kai tsaye daga NIH.

Ma'anar wannan ga ofishin bincike na jami'a tana da nauyi. A da abokin aiki na Amurka ne ke ɗauke da rajista, rahoton kuɗi da hulɗa da NIH. Yanzu cibiyar waje ce za ta yi rajistar da aka lissafa a amsa ta 11, ta ja kuɗinta, ta kuma amsa tambayar masu binciken kuɗi da kanta. Kuma tsarin sassa da yawa da aka bayyana a amsa ta 10 ya zama abin da ko mai haɗin gwiwa a ƙaramin aiki dole ya iya.

10. Waɗanne sassa ne ke cikin takardar nema, kuma shafi nawa?

Akwai sashen gamayya, wanda manhajar ke kira Overall, sai sashen gudanarwa, sai sassan hidima, sai ayyukan bincike. Kowane sashe ƙaramar takarda ce cikakkiya, da shafi ɗaya na manufofi, dabarun aiki, jerin ma'aikata, bayanin kariyar mutane ko dabbobi, da kasafi. Abin da aka fi gani shi ne shafi 12 na dabarun aiki a sashen gamayya, 12 ga kowane aikin bincike, 6 ga kowane sashen hidima da na gudanarwa, sai in sanarwar ta faɗi wani abu dabam. Sashen gamayya ba shi da kasafin kansa. Manhajar ce ke tattara na sauran ta fitar da jimilla.

Ba a tura irin wannan takarda ta fom ɗin Workspace na Grants.gov. Sai ta manhajar ASSIST ta NIH, ko wata manhajar jami'a da aka haɗa da tsarin. Matsayin babban jagoran bincike a sashen gamayya kaɗai ake rubuta shi. Shugabannin sauran sassa ana ba su matsayin shugaban aiki ko shugaban sashe, kuma kowannensu sai da lambar shiga eRA Commons, dandalin NIH na kula da tallafi a intanet. Idan jagororin sun fi ɗaya, dole a haɗa da tsarin shugabanci da ya faɗi wanda ke yanke hukunci kan kuɗi, da yadda za a yi idan sun saɓa.

Wani ƙaramin abu da ke ba da wahala: manhajar ce ke ba sassa lamba bisa jerin da aka shigar da su. Idan a cikin rubutu kun ce Aiki na 2 amma manhajar ta sa shi na uku, mai tantancewa zai yi ta lalube a takarda mai ɗaruruwan shafuka. Ku shigar da sassan bisa jerin da kuke so tun farko, ku kuma duba hoton takardar da manhajar ta haɗa kafin turawa.

11. Yaushe ya kamata a fara shiri, kuma wace rajista ake buƙata?

Shekara guda kafin ranar rufewa ba ta yi yawa ba. Watannin farko na zaɓen jigo da ayyuka ne, da tattaunawa da jami'in shiri na cibiyar NIH da kuke nufa. Har zuwa ƙarshen 2025 an daɗe ana bin ƙa'idar neman izini makonni shida kafin tura takardar da ta kai dala 500,000 na kuɗin aiki kai tsaye a shekara. Ko a inda ba a tilasta wannan ba, tura babbar takarda ba tare da an ji ta bakin jami'in shiri ba ganganci ne, domin shi zai gaya muku ko cibiyarsa na da sha'awar jigon da kuma iyakar kuɗin da take iya ɗauka.

Rajista huɗu ce ga cibiyar waje, kuma bi da bi ake yin su: lambar NCAGE, sannan SAM.gov inda ake samun lambar UEI da ta maye gurbin DUNS a Afrilun 2022, sannan Grants.gov da eRA Commons. NIH da kanta tana cewa abin kan ɗauki makonni shida ko fiye. Inda aka fi maƙalewa shi ne sunan jami'a da adireshinta: dole su zo iri ɗaya, harafi da harafi, a kowace rajista da kuma takardun shaida. Rajistar SAM shekara ɗaya take yi; idan ta mutu ranar turawa, takardar ba za ta shiga ba.

Ranakun da aka saba na dangin P su ne 25 ga Janairu, 25 ga Mayu da 25 ga Satumba, da ƙarfe 5 na yamma agogon garin mai nema. Sanarwa ta musamman tana zuwa da ranarta. Ku tura kwana uku ko huɗu kafin lokaci, saboda kuskure ɗaya a sashe ɗaya yana tare takardar gaba ɗaya, kuma gyara bayan ƙarfe 5 latti ne.

12. Yaya ake tsara kasafi, kuma nawa jami'a ke samu na ɗawainiya?

Kowane sashe yana da cikakken kasafi na kowace shekara, layi bayan layi, da hujjar kowane layi. Albashi ana lissafa shi da watannin aiki, kuma akwai rufin da NIH ba ta wucewa, wanda ya kasance dala 225,700 a shekara a 2025. Jami'o'in Amurka suna da kason ɗawainiya, wato kuɗin kula da gine-gine da gudanarwa, da suka daidaita da gwamnati. Yunƙurin NIH na Fabrairun 2025 na mayar da shi kashi 15 cikin ɗari kotu ta dakatar da shi. Cibiyar waje kuwa kashi 8 cikin ɗari take samu, kuma ba a lissafa manyan na'urori a ciki.

Kashi 8 ba ya riƙe cibiya. Saboda haka duk abin da aikin ke ci kai tsaye, kuma za a iya nuna shi da hujja, a sa shi a kuɗin aiki: manajan shiri, akawun da ke kula da wannan tallafi, mai kula da bayanai, kwangilar gyaran firizar da ke riƙe samfura a sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, jigilar samfura cikin sanyi, taron shekara. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ƙuntata wa sashen gudanarwa don a ƙara wa kimiyya. Na biyu shi ne biyan abu ɗaya sau biyu, a sa kuɗin gwaji a kasafin aiki a kuma sa shi a na sashen hidima. Teburi ɗaya da ke nuna kason da kowane aiki zai ci daga kowane sashen hidima yana maganin wannan.

13. Yaya ake tantance takardar?

Mataki biyu ne. Na farko kwamitin masana ne, galibi wanda aka haɗa musamman saboda faɗin fannonin da ke ciki. Ana ba da maki daga 1, mafi kyau, zuwa 9. A ɗauki matsakaici a ninka da 10, sai a sami maki tsakanin 10 da 90. Kowane aiki yana samun nasa hukunci, sassan hidima su ma, wani wuri da lamba wani wuri da kalma, sannan a ba cibiyar gaba ɗaya maki. Wannan maki na gaba ɗaya ba matsakaicin na sassa ba ne. Yana iya fin su kyau idan haɗin ya yi ƙarfi, yana iya faɗuwa ƙasa da su idan babu haɗin. Ga cibiyoyin ciwon daji na P30, a da an saba masu tantancewa su kai ziyara su ga wurin da idonsu.

Mataki na biyu majalisar ba da shawara ce ta cibiyar NIH, mai zama sau uku a shekara, sannan daraktan cibiyar ya yanke hukunci. Daga turawa zuwa fara aiki a ƙiyasta watanni tara zuwa goma, in komai ya tafi daidai. Idan ba a ci ba, ana da damar gyarawa a sake turawa sau ɗaya a matsayin A1, cikin watanni 37.

14. Me ya fi kayar da irin waɗannan takardu?

Na farko shi ne raunin aiki ɗaya. Ana sa shi ne sau da yawa don kunya, saboda mai shi babba ne a sashe ko aboki ne na shekaru. Masu tantancewa na iya ba da shawarar a cire shi, kuma idan cirewar ta sa adadin ayyuka ya gaza mafi ƙarancin da aka ambata a amsa ta 3, shirin duka ya rushe. Shi ya sa masu gogewa ke shiga da aiki ɗaya sama da mafi ƙaranci, kuma suke kiran masana daga waje su karanta kowane aiki watanni uku kafin turawa, da niyyar a ajiye wanda bai kai ba.

Na biyu shi ne haɗin da yake a baki kawai. Sashen gamayya ya ce ayyukan suna ciyar da juna, amma idan aka buɗe aiki na ɗaya babu inda ya ambaci na biyu. Ya kamata kowane aiki ya faɗi abin da zai karɓa, daga wa, a wace shekara, da abin da zai miƙa. Maƙalun da shugabannin ayyukan suka taɓa wallafawa tare su ne shaida mafi ƙarfi. Akwai kuma kishiyar wannan: dogaro da ya yi yawa, inda idan manufar farko ta aiki na ɗaya ta gaza, sauran duka sun tsaya. A nuna hanyar da kowane aiki zai bi idan abin da yake jira bai zo ba.

Sauran ƙanana ne amma suna taruwa: adadin marasa lafiya da ya bambanta tsakanin aiki da sashen ƙididdiga, jagoran da ya ware wa cibiya lokaci kaɗan, rashin wanda zai gaje shi, da wasiƙar shugaban jami'a mai yabo ba tare da alkawarin ɗaki, ma'aikata ko kuɗi ba. Game da kwamitin masu ba da shawara na waje, sanarwa da yawa suna cewa kada sabuwar takarda ta ambaci sunayensu ko ta tuntuɓe su, domin duk wanda aka ambata ya fita daga jerin waɗanda za su iya tantance ta.

15. Zan iya tura aikina a matsayin R01 alhali yana cikin P01?

A cibiyoyi irin su NCI da NIAID an yarda a tura su a zagaye ɗaya, kuma wannan keɓewa ce daga ƙa'idar hana tura aiki ɗaya sau biyu. Sharaɗin shi ne idan duka biyun suka ci, P01 ake ɗauka, a janye R01. Ba a yarda mai aikin ya zare jikinsa daga shirin don ya riƙe R01 ba, domin da aikinsa aka ba shirin maki. A rubuta R01 ɗin yadda zai tsaya shi kaɗai, ba tare da jingina da sassan hidimar da ba za su wanzu ba idan shirin ya faɗi.

16. An ba mu tallafin. Me zai biyo baya?

Takardar ba da tallafi ita ce doka, a karanta ta layi-layi, musamman kuɗin da aka ɗaure sai an cika wani sharaɗi, kamar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike. Duk wurin da za a yi bincike a kan mutane sai yana da lambar FWA mai rai, wato shaidar alkawarin kare mutanen da ake bincike a kansu. Yawanci shekaru biyar ake amincewa da su, amma shekara-shekara ake sakin kuɗi, bayan rahoton ci gaba na RPPR, wanda a manyan tallafi ake turawa kimanin kwana 60 kafin sabuwar shekarar kasafi, kowane sashe da nasa bayanin. Tun 25 ga Janairun 2023 kuma ana bibiyar tsarin adanawa da raba bayanai da kuka yi alkawari.

Abin da ya fi ba sababbin cibiyoyi mamaki shi ne ragowar kuɗi. A R01 yawanci ragowar tana wucewa shekara ta gaba da kanta. A P30, P50, P60 da dangin U ba haka ba ne: sai an rubuta roƙo, da bayanin dalilin ragowar da kasafin yadda za a kashe ta, kuma ana iya ƙi. Shekarar farko ce ta fi haifar da ragowa, saboda jinkirin sa hannu kan yarjejeniya da abokan aiki, ɗaukar ma'aikata da shigo da na'urori. A shirya daftarin waɗannan yarjejeniyoyi tun makin tantancewa ya fito da kyau.

Sai an nemi izini tukuna idan jagora ko wani da aka ambata a takardar tallafi zai rage lokacinsa da kashi 25 cikin ɗari ko fiye, ko zai yi nesa da aikin na watanni uku a jere ko fiye, ko za a sauya manufa, ko a rufe wani aiki a kawo sabo, ko a ƙara wurin aiki a wata ƙasa. Takardar sabuntawa kuma a shekara ta huɗu ake rubuta ta, kuma abin da za a fara dubawa shi ne maƙalun da ke ɗauke da sunayen ayyuka biyu ko fiye, da rajistar da ke nuna wanda ya yi amfani da kowane sashen hidima da yawan abin da aka yi masa. Wannan rajista tun watan farko ake buɗe ta.